Abin da Auta ta gani a ƙirjin Dogo

"Malam, don Allah ka daina dariya, kana girgiza min hoto."

"To ya zan yi, Likita? Man nan naku kamar yanzu aka ciro shi daga firji."

Dogo yana kwance a gefensa na hagu a kan gadon ɗakin koyo, ƙafafunsa sun zarce gadon har sai da aka tara musu kujera. Takunkumi ya rufe masa baki, amma ta cikin tabarau ana hango dariyar a idonsa.

Auta ta ƙara danna kan na'urar sikanin a tsakanin haƙarƙarinsa, idonta yana kan allo. A bayanta ƙawarta Rediyo ce tsaye tana jiran layi, bakinta kuwa bai jira komai ba.

"Oh ni! Wasu samarin turare suke kawowa, wasu waya, ke naki ƙirji ya kawo a yi karatu a kai."

"Abin da Allah ya hore min da yawa ke nan," in ji Dogo. "Haƙarƙari."

Da ba don annoba ba, babu abin da zai kwantar da malamin makaranta a wannan gadon. Auta likita ce mai neman ƙwarewa a sashen gaggawa, aikin da ba a koyonsa sai da hannu. Amma tun da cutar ta shigo aka mayar da su 'yan kallo. Zura bututun numfashi, huda ƙirji, duk aikin da zai kai fuskar likita kusa da ta majinyaci, manya kaɗai ke yi, don kayan kariya ba su wadata ba. Su Auta suna bayan gilashi suna miƙa kaya. Lacca ta koma ta waya. Mutum-mutumin robar da aka ba su kuwa yana da baki yana da maƙogwaro, amma ba shi da zuciyar da za a duba.

Shi ya sa babban likitan da ke koyar da su, wanda suke kira Agogo a bayan idonsa saboda bai taɓa makara ba, ya ce kowa ya nemo lafiyayyen mutum, a gwada shi a ga ba ya ɗauke da cutar, a kawo shi su koyi sikanin a jikinsa. Makarantu a rufe suke. Dogo ya ce ga shi.

Auta ta karkata hannunta kaɗan, sai hoton ya washe. Ga zuciya tana buɗewa tana rufewa. Daɗi ya kama ta, don yau ne karon farko da ta samo wannan hoton ita kaɗai.

Sai ta ga abin.

Babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya, a daidai gindinta, ta yi faɗi, kamar tiyon da ruwa ya kumbura. Ta san hoton wurin a littafi kamar yunwar cikinta, kuma ba haka yake ba.

Ta tsayar da hoton ta auna. Awon ya wuce na littafi. Ta ce a ranta hannunta ne ya karkace. Ta sake, ya sake wucewa.

Ta dubi dogayen yatsunsa da ke kan katifa. Ta dubi tabaran. Ta tuna ranar da ya ba ta labarin mahaifinsa, wanda aka ce ya fi shi tsawo, ya fita aiki lafiya lau da safe, ya dafe ƙirji ya faɗi, Dogo yana goye. Duk waɗannan a babi ɗaya suke a littafinta.

"Ke, kin yi barci ne?" in ji Rediyo. "Mu ma fa muna son mu taɓa angon."

Auta ta zaro waya ta ɗauki allon yana motsi, ta goge hoton daga na'urar. "Batirin ya kusa ƙarewa. Ku bari sai an yi caji."

Dogo ya tashi zaune yana goge man da auduga. "Me kika gani, Likita?"

"Zuciya."

"Kin ga sunanki a ciki? Yana nan ta ɓangaren hagu, da manyan baƙaƙe."

Ta yi dariya, ta gode wa Allah da ya sa akwai takunkumi a fuskarta. Ba ta yi masa ƙarya ba. Amma har ta cire safar hannu tana jin nauyin ƙarya a wuyanta.

* * *

Tun farkon annoba Auta ta koma ɗakin baya, don Abba ya manyanta. Ta ƙofar baya take shiga, ta yi wanka, sannan ta zauna a dakalin ɗakinta. Abba yana can baranda, tsakar gida tana tsakaninsu. A tsakiya akwai ɗan tebur inda ake ajiye mata kular abinci. Can bakin ƙofar gida kuma ga wata kujerar ƙarfe mai nauyi, wadda Dogo ke zama a kai idan ya zo gaisuwa, har sai an ɗaga murya kafin a ji juna.

Da la'asar ɗin nan Gwaggo, yayar Abba, wadda ta riƙe gidan tun rasuwar Umma, ta fito da maganar da ba ta gajiya da ita.

"Babban likitanku ya sake aiko min da maganin gwiwa. Yaron nan akwai hankali. Ubansa abokin ubanki, aikinku ɗaya, ya nemi aurenki da mutunci, kika ce ke sai wannan mai kama da sandar rake."

"Gwaggo, rake ai zaƙi gare shi."

"Ji min rashin kunya! Ka ji ta ko?"

Abba yana yanke busassun ganye daga tukwanen furensa. Bai ɗago ba. "Yaya, mun gama wannan maganar. Da an buɗe gari za a yi auren."

"Me ka gani a jikinsa?"

"Lafiya." Ya ajiye almakashin. "Ban tambaye shi gida ba, ban tambaye shi mota ba. Yaro ne mai kunya, kuma ko ciwon kai ban taɓa jin ya yi ba. Ke kin ga abin da na gani a jinyar uwarta. Ƙuruciyata a barandar asibiti ta ƙare. Ban yi nadama ba, da za a dawo da ita zan sake. Amma ranar da muka binne ta na rantse 'yata ba za ta yi irin zaman da na yi ba. Ta yi jinyar mutane a wurin aiki, ta dawo gida ta tarar da mai lafiya."

Auta ta sunkuyar da kai. Wayar tana cikin aljihunta, ji take kamar garwashi.

"Auta, ba ki taɓa abincin ba."

"Na gaji ne, Abba."

"Yau ma ba su bar ki kin taɓa kowa ba?"

"Sun bar ni," ta ce a hankali. "Yau na taɓa."

Ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. Tambayar da ta hana ta sakat ba ta ciwon ba ce kaɗai. Da ƙwararriya ce, da ta san abin da ta gani. Amma ita watanni ta yi tana kallon hannun wasu ta bayan gilashi. Idan kuskurenta ne, ta yi magana, ta rushe aurenta a kan karkacewar wuyan hannu. Idan ba kuskure ba ne, ta yi shiru, ta bar mutumin da take so yana yawo da abin da ya kashe ubansa. Kuma a duk asibitin, yanzu da aka kwashe likitocin zuciya zuwa ɗakunan annoba, mutum ɗaya ne zai iya raba mata gardama.

Shi ne wanda ta ƙi aura.

* * *

Ta same shi da safe a ofishinsa, ya fito daga ɗakin masu cutar ke nan, shatin takunkumi ya yi masa rami a karan hanci.

"Yallaɓai, akwai hoton da nake so ka duba min."

Agogo ya karɓi wayar. Ya kalla, ya maimaita. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Na wane ne?"

"Wani ne."

"Dakta, mutum ɗaya aka kawo muku jiya, kuma ni na sa hannu ya shigo." Ya ajiye wayar a tebur. "Kin gaya masa?"

"A'a."

"To kin fara da kuskure. Ƙirjinsa ne. Shi ya kamata ya fara ji, ba ni ba."

Hawaye ya cika mata ido. "Ban tabbata ba ne. Wataƙila a karkace na yanko hoton. Ka san ban yi da yawa ba. Babu wanda ya yi da yawa a cikinmu."

"Na sani. Laifin ba naku ba ne." Ya murza idonsa. "Hoton waya ba ya yanke hukunci. Ki gaya masa, in ya yarda ki kawo shi da rana. Za ki sake."

"Ni? Yallaɓai, don Allah kai ka yi. Hannunka ya fi nawa."

Da ya amsa, ba da muryar malami ya yi magana ba.

"Kin san abin da na nema a gidanku, kin san amsar da aka ba ni. Na kuma san rantsuwar mahaifinki, don a gaban mahaifina ya yi ta. Idan ni na riƙe na'urar nan na ce akwai ciwo, har ki tsufa za ki riƙa tambayar kanki, hannunsa ne ya auna ko son ransa? Ni kaina ba na so in tsaya ina yi wa kaina wannan tambayar." Ya tura mata wayar. "Ke za ki auna. Ni zan tsaya a bayanki."

A waya ta gaya wa Dogo. Ta yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Auta, yaran ajina ma sun fi ki iya ɓoye laifi. Faɗi kawai." Ta faɗa. Sai ya ce, "To bari in sa riga mai sauƙin cirewa."

Da rana su uku ne a ɗakin koyo. Agogo ya goya hannuwansa a baya, bai matso kusa da na'urar ba.

"Hau sama haƙarƙari ɗaya. Yawwa. Kada ki danna da ƙarfi, ba gudu zai yi ba. Juya kan kaɗan wajen kafaɗarsa ta dama. Kaɗan na ce. Tsaya nan. Me kike gani?"

"Gindin jijiyar."

"Bangon biyu sun fito sosai?"

"Sun fito."

"To yanzu hoton ba a karkace yake ba. Auna."

Hoton ya ƙi tsayawa wuri ɗaya a allon. Dogo ya ce ƙasa-ƙasa, "Likita, yau ban yi dariya ba, ke ce kike girgiza hoton."

Ta ja numfashi, ta tsayar da hannun, ta auna.

Daidai da na jiya.

Agogo ya duba allon, ya gyaɗa kai. "Tun jiya hannunki daidai yake."

Watanni ta yi tana jiran ranar da zai faɗa mata haka. Ba ta taɓa zaton za ta ji shi kamar mari ba.

Ya jawo kujera ya zauna a gaban Dogo, ya yi masa bayani ba tare da kwana-kwana ba. Abu ne da ake gadonsa. Bai kai matakin tsoro na yau ko gobe ba. Zai ga likitan zuciya, zai fara shan magani, za a riƙa aunawa lokaci-lokaci, wata rana kuma wataƙila sai an yi aiki. Ban da ɗaukar kaya mai nauyi. Waɗanda aka gano musu da wuri suna tsufa, har su ga jikoki.

"Mahaifina fa?" in ji Dogo.

"Shi babu wanda ya duba."

A bakin ƙofa Agogo ya juyo. "Malam, abin da aka faɗa a ɗakin nan naka ne. Ba zai fita ta bakina ba, ko ga mahaifina. Na nema maka ganin likitan zuciya gobe da safe." Ya duba agogonsa, ya fita.

* * *

A dogon bencin da ke bayan sashen suka zauna, inda aka manna jan salatif a kujerar tsakiya don kada a zauna. Shi a wannan gefe, ita a wancan.

"Babu wanda ya sani sai mu uku," ta ce. "Kuma ka ji ya ce ba zai faɗa ba."

"Na ji. Mutumin kirki ne. Abin ma haushi yake ba ni, na so a ce mugu ne."

"Ka bar wasa. Ka sha maganinka, mu yi shiru, a yi auren. Bayan nan sai mu gaya wa Abba a hankali."

"Auta."

"Ba ƙarya za mu yi ba! Ba tambayarmu ya yi ba. Ciwonka ne, kana da haƙƙin ɓoye shi, haka aka koya mana."

"A asibiti aka koya muku. A gidanku fa?" Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Abu ɗaya mutumin nan ya nema a wurina. Ɗaya tak. Gwaggo ta kawo masa babban likita, ya ce shi lafiya yake nema. In zauna a kujerar nan ta bakin ƙofa, ya ce min ya jiki, in ce lafiya lau?"

"Kowa haka yake cewa!"

"Kowa ba 'yarsa zai ɗauka da wannan amsar ba."

Kuka ya ƙwace mata. Takunkumin ya jiƙe ya manne mata a fuska. "Ni na jawo. Ni na ce ka zo. Da ban kawo ka ɗakin nan ba, da yanzu muna zancen labule da kalar fenti. Wayyo, da ma hannuna ya karkace! Wata da watanni ina roƙon Allah ya ba ni hannun likita, ashe a kanka za a ba ni."

"Kada ki ƙara faɗar haka." Ya miƙo hannu, ya tuna da annoba, ya ajiye shi a kan jan salatif ɗin. "Mahaifiyata har yau idan ta ji an buga ƙofa da rana sai gabanta ya faɗi. Babu wanda ya ce mata ga abin da ke zuwa. Ke kin ce min. Kin san abin da kika ba ni kuwa? Ni da na zo wasa, don in ga yadda kike ɗaure fuska idan kina aiki."

"To idan Abba ya ce a'a?"

Ya mayar da tabaransa.

"Idan ya ce a'a, yana da gaskiya."

"Au, haka za ka ce? Ka bar ni ke nan?"

"Ban ce zan daina son ki ba. Wannan ko likitan zuciya ba zai iya cire shi ba. Cewa na yi ba zan sace ki ba. Kuma ke ma ki tsaya ki yi tunani, ba don Abba ba, don kanki. Kin fi ni sanin abin da ke littafin nan. 'Ya'yanmu ma za su iya gado."

"Na yi tunanin. Tun jiya nake yi." Ta share ido da bayan hannu. "Sai in auna su. Ai yanzu na iya."

Ya yi dariya, idonsa ya yi ja. "Kin ga? Ko ba komai gidanmu ba za a rasa abin karatu ba."

"Allah ya shirye ka, Malam."

"Amin. Je ki wanke fuska. Da la'asar zan zo."

* * *

Ya zo cikin shiga mai kyau, ya zauna a kujerar ƙarfen ta bakin ƙofa. Abba yana baranda, Gwaggo a gefensa tana shafa magani a gwiwa. Auta tana dakalinta, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Ya jiki, Malam?" Abba ya ɗaga murya.

"Abba, shi ne ya kawo ni."

Ya faɗi komai. Saboda nisan, dole ya yi magana da ƙarfi, kamar yana aji. Ya faɗi jijiyar, da maganin, da aikin da wataƙila za a yi, da hanin ɗaukar nauyi, da mahaifinsa. Ya ƙare da cewa, "Lafiya kuka nema a wurina, na amsa muku ban sani ba. Yau na sani. Duk abin da kuka yanke, ba zan ga laifinku ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Innalillahi! Ban faɗa ba? Wannan tsawon ai ba na lafiya ba ne! Allah ya tona tun kafin a ɗaura. Sai ka tuna rantsuwarka."

Abba ya juya wajen 'yarsa. "Wa ya gano?"

"Ni ce, Abba."

"Kawo in gani."

Ta goge wayar, ta ajiye a teburin tsakiya, ta koma. Ya taso ya ɗauka, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita.

"Ni hayaƙi kawai nake gani. Ina wurin?"

"Ta sama, wajen dama."

"Zo ki nuna min."

"Abba, daga asibiti nake."

"Kin yi wanka, ga takunkumi a fuskarki. Zo."

Rabon da ta tsaya kusa da shi haka tun kafin annoba. Ta ga furfurar da ta ƙaru a gefen kunnensa. Ta ɗora yatsa a kan wayar. "Nan. Ka ga ya buɗe? Bai kamata ya kai haka ba."

Ya daɗe yana kallon abin yana buɗewa yana rufewa.

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

"Ke da kullum kike min kuka ba a barin ki taɓa kowa." Ya miƙa mata wayar, ya koma ya zauna kamar wanda ya yi tafiya mai nisa. "Lokacin Ummanki, likitan ƙarshe da ya gan ta cewa ya yi, da wani ya duba tun da wuri, da ba a kai nan ba. Shekara da shekaru ina jin haushin wannan wanin. Ban san sunansa ba, ban san fuskarsa ba, amma da shi nake kwana."

"Rantsuwa fa ka yi," in ji Gwaggo.

"Na yi, Yaya. Zan yi kaffararta, wannan tsakanina da Ubangijina ne." Ya shafa fuskarsa. "Don kada ta sha wahala na rantse. Yanzu na duba, duk inda na juya wahalar tana nan. In na hana ta sha, in na bari ta sha. Sai dai ɗaya da idonta a buɗe za ta shiga, tare da mutumin da zai iya yin shiru ya ci riba, ya zo ya faɗa da ƙarfi har maƙwabta suna ji." Ya dubi Auta. "Kin san abin da kike ɗauka?"

"Na fi kowa sani, Abba."

"Ba ki sani ba. Amma ni ma ban sani ba, kuma ban yi nadama ba." Ya ɗaga murya. "Malam, yaushe za ka ga likitan zuciyar?"

"Gobe da safe, Abba."

"Ni zan kai ka."

"Ba za su bar ku ku shiga ba, saboda cutar."

"Ban ce zan shiga ba. Ba ka da uban da zai zauna a waje ya jira ka fito. Ni kuwa na iya wannan zaman, babu wanda ya fi ni."

Dogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Auta ta toshe baki da hannu biyu a kan takunkumin.

"Matso da kujerar nan," in ji Abba. "Na gaji da ihu."

Dogo ya miƙe, ya kama kujerar ƙarfen zai ɗaga.

"Ajiye!" Gwaggo ta daka tsawa, har kwalbar maganin ta faɗi daga cinyarta. "Ba yanzu ka gama cewa an hana ka ɗaukar nauyi ba? So kake ka faɗi mana a tsakar gida?"

Ta taso tana ɗingishi, ta ture hannunsa, ta kama kujerar ta jawo ta ƙiiii a kan siminti har kusa da teburin tsakiya. Ta tsaya tana haki, ta dube shi tun daga ƙafa har can sama inda kansa yake.

"Zauna. Kuma kada ka ɗauka na yarda. Ni ban gama magana ba." Ta juya wajen Auta. "Ke kuma da kike tsaye kina kuka, maganin nasa kafin abinci ake sha ko bayan abinci?"